Zubin C-103 yana tsagewa a injin murza kafin ya zama falle: ina matsalar take?

Ɗalibin_Ƙarfe

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar injiniyoyin wannan zaure da suka san ƙarafa masu jure zafi.

Zubi ne na haɗin niyobiyam irin C-103, wato niyobiyam kashi 89, hafniyam kashi 10, taitaniyam kashi 1. An narka shi da tartsatsin lantarki a kan kaskon jan ƙarfe mai sanyaya ruwa, a cikin iskar agon, gas ɗin da ba ya haɗuwa da ƙarfe. Ya fito kamar waina, faɗinsa milimita 60, kaurinsa milimita 12, nauyinsa wajen giram 300. Abin da ake so shi ne falle mai kaurin rabin milimita, wanda za a iya lanƙwasawa a yi masa walda.

Injin murzar da ke akwai mai rola biyu ne, kaurin kowace rola milimita 150. An murza shi a sanyi, ana rage milimita 0.3 a kowane wucewa. Yana sauka kusan milimita 7 sai gefe ya fara tsagewa kamar haƙoran zarto, gaba kuma ya buɗe biyu kamar bakin kada. An gasa shi a murhun bututu a digiri 1,200 na ma'aunin Salshiyas, na awa ɗaya, da agon yana gudana don ya yi laushi, amma da aka auna taurinsa sai aka ga fatar ta kusan ninka tsakiya. Da aka mayar da shi injin, a wucewa na biyu fuskar ta farfashe.

Tambayoyina uku ne. Shin dole sai an yi masa aikin zafi, wato murza ko bugu yana da zafi, kafin murzar sanyi? Wane zafi ne na gashin laushi, kuma agon ya isa? Sannan injin nan zai iya kai shi rabin milimita kuwa? Na gode, Allah ya ƙara basira.

Injiniya_Maizubi

Wa alaikumus salam. Malam, cuta biyu ce ta haɗu a kan ƙarfen nan, kuma kowace da maganinta. Tsagewar farko daga zubin take da yadda aka murza shi. Ta biyu kuwa murhu ne ya jawo ta. Bari in ɗauki ta farko, na san akwai masu murhu a zauren da za su fi ni bayanin ta biyu.

Duk ƙarfen da ya daskare a kan jan ƙarfe mai sanyi, ƙwayoyinsa, wato ƙananan ɓangarorin da jikin ƙarfe ya ginu da su, suna tasowa ne daga ƙasa zuwa sama, dogaye kamar karan dawa a tsaye. A zubin niyobiyam ƙwaya ɗaya tana iya kai milimita da yawa, a babban curi har santimita. Wainarka mai kaurin milimita 12 wataƙila ƙwaya ɗaya ce ko biyu daga ƙasa har sama. Idan aka murza irin wannan, kowace ƙwaya tana miƙewa ne ta fuskar da ta fi mata sauƙi, maƙwabciyarta kuma ta nufi wata fuskar, sai iyakar da ke tsakaninsu ta ɗauki duk wahalar. A gefe babu abin da ke tallafe ta, shi ya sa nan take fara buɗewa. Ƙari a kan haka, saman waina shi ne wurin da ya daskare daga ƙarshe, a nan ƙananan ramuka suke taruwa, ƙasanta kuma akwai ninki-ninkin da ƙarfe ya yi lokacin da ya taɓa kasko. Kowane ɗaya a cikinsu tushen tsaga ne.

A masana'antu ba sa murza curi kai tsaye. Niyobiyam ɗin kansa ana tace shi sau biyu ko uku a murhun da ke narkarwa da harbin ilektiron ba tare da iska ba, don oksijin da naitirojin da ragowar alminiyam su fita. Amma ba a zuba taitaniyam a wannan murhun, domin yana tashi ya bi iska kafin niyobiyam ya narke sosai; niyobiyam sai a digiri 2,477 yake narkewa, taitaniyam tun a 1,668. Don haka ake haɗa sandar narkarwa da hafniyam da taitaniyam, a narka ta da tartsatsi a murhun da masu sana'ar ke kira VAR, galibi sau biyu. Daga nan a feƙe fatar curin, a yanke kansa inda ramin daskarewa yake, a duba cikinsa da na'urar sauti, a sa shi a kube, a zafafa shi sama da digiri 1,000, a tura shi ta bakin matsi ko a buge shi har faɗin fuskar yankansa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka. Sai an gasa wannan ya sake sababbin ƙwayoyi ƙanana sannan ya je injin murza.

A ƙaramin aiki irin naka, ga abin da nake ganin ya dace.

Tun a narkarwa, a fara narka ɗan curin taitaniyam a gefen kasko don ya shanye ragowar oksijin da ke cikin akwatin. A juya wainar a sake narka ta sau biyar ko shida, domin nauyin hafniyam ya kai giram 13.3 a kowace santimita kubik, na niyobiyam kuwa 8.57, ba sa gauraya da narki ɗaya. A auna nauyi kafin da bayan narki. Abin da ya ragu mafi yawansa taitaniyam ne. Kada tsinin sandar tungistan da ke fitar da tartsatsin ya taɓa ruwan ƙarfen. Ɗan guntun da ya faɗa ciki ba zai narke ba, zai zauna har ranar da falle ya yi siriri ya huda shi. Hoton ekisire (X-ray) yana nuna shi tun kafin a yi asarar aiki.

Sannan a sassaƙe sama da ƙasa, rabin milimita kowane ɓangare ko har sai an daina ganin rami, a yanke gefuna biyu su zama miƙaƙƙu, a kashe kaifin kusurwa. Za ka rasa ƙarfe, amma ramin da ka bari yau shi ne tsagar gobe.

Kuben kuwa baƙin ƙarfe ne na yau da kullum: a yanka firam daidai girman wainar, faranti a sama, faranti a ƙasa, a zagaye da walda, a zuƙe iskar ciki ta ɗan bututu sannan a matse bakinsa a rufe. Tsakanin niyobiyam da kube a shimfiɗa siririn fallen molibdinam ko tantalam. Dalili shi ne baƙin ƙarfe da niyobiyam idan sun haɗu suna yin ruwa a kusa da digiri 1,370, nikel da niyobiyam kuma tun a kusa da 1,180. Shi ya sa ban ba da shawarar kuben ƙarfe mara tsatsa ba, saboda nikel ɗin da ke cikinsa. A tsaya tsakanin 1,050 da 1,150, a rage kashi 10 zuwa 15 a kowane wucewa, ana mayar da shi murhu tsakanin wucewa, har kauri ya ragu da rabi. A yanke kuben a ɓare shi. Abin da ya manne a narkar da shi da asid naitirik da aka tsarma da ruwa, domin yana cin baƙin ƙarfe amma ba ya cin niyobiyam.

Bakin kada kuwa laifin ragin milimita 0.3 ne. Tsawon wurin da rola ke taɓa ƙarfe ana samunsa ne idan aka ninka rabin kaurin rola da ragin, aka ɗauki tushen murabba'insa. A injinka 75 sau 0.3 ya ba da 22.5, tushensa milimita 4.7. Ƙarfen kuwa kaurinsa 12. Ke nan matsin bai kai tsakiya ba: fata tana miƙewa, ciki yana tsaye, sai su ja juna har ƙarfen ya rabe biyu. Ana son tsawon taɓawar ya kusanci kaurin ƙarfen. Ragin milimita 1.5 zai ba ka 10.6, to amma a faɗin milimita 60 wannan yana neman nauyin matsi wajen tan 35. Ka duba ko injinka yana ɗaukar haka kafin ka karya wuyan rola. Mutane suna zaton ragi kaɗan-kaɗan shi ne lallaɓawa, alhali a ƙarfe mai kauri shi ne ke tsaga shi.

Hajiya_Murhun_Bakyum

Sannu Injiniya, bayani ya yi. A kan murhu zan tsaya, domin a ganina ko da an gyara duk abin da ka lissafa, muddin aka sake gasa shi a wannan bututun to aikin banza aka yi.

Niyobiyam yana shan oksijin kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shan ruwan farko. Daga wajen digiri 400 a cikin iska yake fara yin tsatsa ta gaske, kuma tsatsar tasa ba ta kare shi, domin girmanta ya ninka na ƙarfen da ta ci fiye da sau biyu da rabi, sai ta kumbura ta farfashe ta zube. Wannan ma da sauƙi tunda ana ganinta. Wadda ba a gani ita ce oksijin da ke narkewa a cikin jikin ƙarfen. A digiri 1,200, a zallan niyobiyam, cikin awa ɗaya tana iya nutsawa kimanin rabin milimita. A C-103 tana tarar da hafniyam a hanya, ya kama ta, su zama ƙananan tsakuwoyi masu tauri a ƙarƙashin fata. Taurin da ka auna ke nan. Fata ta zama kamar ƙanzo, ciki yana da laushi, rola tana dannawa ƙanzon ya fashe, tsagar ta bi ta shiga ciki.

Ka duba yadda ma'aunin yake da tsauri. Ƙa'idar B654 ta ASTM, ƙungiyar da ke tsara ma'aunan kayan masana'antu, ta fallen wannan haɗin ba ta yarda oksijin ya wuce kashi 0.025 cikin 100 ba, naitirojin 0.010, kabon 0.015, haidirojin 0.0015. Falle mai kaurin rabin milimita, kowace santimita murabba'i nauyinta giram 0.44 ne. Ke nan kashi ɗaya cikin goma na miligiram na oksijin ya kusa cika mata ma'auninta kaf. Yanzu ɗauki agon mai kyau, wanda oksijin ɗinsa kashi 10 ne cikin miliyan, yana gudana lita ɗaya a minti. Cikin awa uku, da hawa da zama da sauka, ya ratsa da miligiram 2.6 na oksijin ta kan ƙarfen, kuma ƙarfe mai zafi ba ya barin ya wuce. A falle mai santimita murabba'i 100 wannan ƙarin kusan kashi 60 ne cikin miliyan a gashi ɗaya, kai kuma gashi uku kake bukata. Ban ma lissafa yoyon roba da danshin da ke jikin bututu ba, waɗanda galibi sun fi na cikin tulun gas yawa. Idan bututun na gilashin kwaz ne to abin ya ƙara muni, domin a wannan zafin yana saki, hafniyam kuma yana iya ƙwace oksijin daga jikinsa idan sun taɓa juna.

Abin da ake bukata murhu ne da ake zuƙe wa iska, wato murhun bakyum, matsin cikinsa ya sauka zuwa 0.0001 a ma'aunin matsin iska na tor, in da hali 0.00001, kuma ya zauna a haka lokacin da ƙarfen yake da zafi, ba kafin a kunna wuta kawai ba. Cikin murhun ya zama na molibdinam ko tungistan ko tantalam. Na gawayin girafait bai dace ba, domin kabon zai shiga ya haɗu da hafniyam. A naɗe ƙarfen da siririn fallen tantalam ko niyobiyam ninki biyu, saku-saku yadda iska za ta iya fita, don fallen ya riga ƙarfen karɓar duk dattin da ke yawo. Idan fallen naɗin ya fara karyewa kamar busasshen ganye, ya ƙoshi, a canja shi. A hau da zafi a hankali. Idan ma'aunin iska ya yi sama a wajen digiri 300 zuwa 600, a dakata har ya dawo. Bayan an gama kada a buɗe sai ya huce ƙasa da digiri 150.

Zafin kuwa, C-103 yana sakin gajiyar murza a wajen digiri 870 na awa ɗaya, amma sake ƙwaya gaba ɗaya sai wajen 1,300 na awa ɗaya. Wanda aka murza sosai yana iya kammalawa ƙasa da haka kaɗan, don haka a yanki ƙananan guntaye uku a gasa su a 1,200 da 1,250 da 1,300, a goge a duba a madubin ƙara girma, a zaɓi mafi ƙanƙantar zafin da bai bar dogayen ƙwayoyi ba. Nb-1Zr, wato niyobiyam mai zakoniyam kashi 1, yana sakewa a wajen 1,200, zallan niyobiyam ƙasa da haka sosai.

Wanda aka riga aka gasa a agon, kada a jefar tukuna. A yanki gefensa, a goge yankan, a auna tauri daga fata zuwa tsakiya, tazarar kashi ɗaya cikin goma na milimita. Inda lambar ta daina sauka, nan lafiyayyen ƙarfe ya fara. A sassaƙe har wurin, a ƙara kaɗan. Oksijin da ya riga ya shiga ba ya fita da gashin bakyum a irin wannan zafin. Haidirojin ne kaɗai ke fita cikin sauƙi.

Baba_Mai_Rola

Hajiya ta faɗi gaskiya tsantsa. Amma Injiniya, da izininka, ban yarda cewa kube da aikin zafi dole ne a waina mai giram 300 ba. C-103 an yi shi ne musamman don ya yi sauƙin sarrafawa. Kamfanin Wah Chang da Boeing sun fitar da shi a farkon shekarun 1960, kuma da fallensa aka yi siket ɗin bakin injin kumbon Apollo, haka ma na injin Merlin da ke aiki a sararin sama a rokar Falcon 9. Harafin C ɗin nan na sunansa ana kyautata zaton daga kolombiyam yake, tsohon sunan da Amurkawa ke kiran ƙarfen, sunan da ya fito a kwalambait ɗin da ake haƙowa tare da kuza a tsaunukan Jos. Haɗin da ke da tungistan da yawa, irin su Cb-752 mai kashi 10, ko FS-85, ko Nb521 na Sin, waɗannan kam ba makawa sai da zafi. Shi kuwa wannan, idan zubin yana da tsabta, da ɗumi ma yana tafiya. Kube yana da nasa haɗarin: walda ta yi yoyo ba a sani ba, a buɗe a tarar da farin gari.

Hanyar da na fi natsuwa da ita ga ƙaramin zubi ita ce wannan. Bayan an sassaƙe shi ya koma milimita 11, a ɗumama shi digiri 300 zuwa 400 na minti goma, ba fiye ba. Zai canja launi, ruwan ƙasa ko shuɗi, wannan fatar siririya ce, asid zai ɗauke ta. A murza da ragi mai nauyi kamar yadda Injiniya ya lissafa, milimita 1 zuwa 1.5, har ya kai 5.5. Idan rola ta ƙi cafkarsa, a feƙe bakin gaba ya yi gangare, kuma a goge mai daga rolar a wucewar farko, domin ragin da rola ke iya cafka ya dogara ne ga kaushin da ke tsakaninsu. Bayan kowane wucewa biyu a duba gefe da gilashin ƙara girma. Duk tsagar da aka gani, ko ta kai tsawon ƙwayar gero, a goge ta da fayil har ta ɓace kafin a ci gaba. A wanke da asid, a gasa.

Zango na biyu a sanyi, daga 5.5 zuwa 2, amma a juya ƙarfen a murza shi ta faɗinsa. Wannan juyin yana da dalili babba. Dogayen ƙwayoyin zubi suna da wata fuska da idan an murza su ta hanya ɗaya kawai sai su baje su yi faɗi ba tare da sun tara gajiyar da za ta sa su sake ƙwaya ba. A gasa su, maƙwabtansu su sake, su kuwa su zauna yadda suke, sai a sami falle mai jirwaye: layin ƙanana, layin manya. Ranar da aka zo lanƙwasa shi ko zurfafa shi kamar kwano, fuskar ta yi kurzunu-kurzunu kamar ɓawon lemo, bakin kwanon ya fito da kunnuwa huɗu. Canja hanya tsakanin zango da zango yana karya wannan taurin kan. A datse gefe, a wanke, a gasa.

Zango na ƙarshe daga 2 zuwa 0.5, ragin kashi 75 ke nan, ba gashi a tsakani. Wannan ragin ne ke ba da ƙananan ƙwayoyi a gashin ƙarshe. Ana son a ƙirga aƙalla ƙwaya goma daga fuska zuwa fuska, wato kowace kada ta wuce maikiron 45 zuwa 50 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), lamba 6 a ma'aunin ASTM ko mafi ƙanƙanta. Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne a gasa a milimita 0.55, a ɗan murza zuwa 0.5 don a daidaita, a sake gasawa. Ragin kashi 5 zuwa 10 shi ne mafi sharri, domin ƙwayoyi ƙalilan ne ke farkawa, sai su cinye sauran su zama ƙatti.

Ko injinka zai kai? Zai kai. Akwai iyakar da rola ke fara lotsawa maimakon ƙarfen ya ragu, kuma ga rolar ƙarfe mai milimita 150 da mai mai kyau, iyakar tana wajen milimita 0.2. Ƙasa da haka sai injin mai rola huɗu, ko na Sendzimir mai rola ashirin da ƙananan rolar aiki na tungistan kabaid, ko a haɗa falle biyu ko uku tsakanin faranti a murza su tare. Abin da zai fi damunka shi ne mannewa. Niyobiyam yana da danƙo, yana barin ɓurɓushinsa a jikin rola, ɓurɓushin kuma ya dawo ya buga tambari a fuskar falle a kowane zagaye. Rola ta kasance a goge take tas, a sa mai mai kauri, a duba ta bayan kowane wucewa. Kuma kada a murza shi bayan baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe ba a wanke rolar ba. Ɗan ƙwayar da ya nutse a fuska zai iya narkewa a murhu ya bar rami.

Idan a zangon farko ya tsage tun kafin ragin kashi 30 duk da ɗumi da ragi mai nauyi, to a daina zargin injin. A kai guntu a auna oksijin da naitirojin, zubin ne ya sha iska tun a kasko.

Injiniya_Maizubi

Baba, na karɓi gyara a kan girman wainar. Inda nake nan daram shi ne jirwayen da ka ambata: aikin zafi ya fi kashe shi tun daga tushe, kuma duk zubin da kaurinsa ya wuce milimita 25, ko aka ƙara masa tungistan, ba zan kai shi rola ba kube ba. Tunda giram 300 ne, a raba wani sabon zubi biyu, rabi ta hanyarka, rabi ta kube, a gwada su a madubi bayan gashin farko.

Malam_Sinadari

Kowa ya ce "a wanke da asid" ya wuce, alhali nan ne ake yawan ɓata falle mai kyau, nan ne kuma ake jin ciwo.

Kafin kowane gashi, a fara cire mai da asiton ko sabulun masana'anta, domin asid ba ya cin mai, sai ya ci kewayensa ya bar tabo, man da ya shiga murhu kuma kabon ne. Ruwan wankin a ma'aunin mudu: asid haidirofulorik kashi 10 zuwa 15, naitirik kashi 30, sauran ruwa. Asid ake zubawa a ruwa, ba ruwa a asid ba. Naitirik ya riƙa rinjayar haidirofulorik nesa ba kusa ba, domin idan ya yi ƙaranci haidirojin yana shiga ƙarfen ya sa shi gautsi. Ruwan yana ɗaukar zafi da kansa yayin aiki, zafin kuma yana ƙara saurin ci da shigar haidirojin, don haka a ajiye robar da asid ɗin yake ciki a cikin ruwan sanyi. A cire maikiron 25 zuwa 50 daga kowace fuska, a auna da maikiromita, kada a dogara da agogo. Ka sa wannan a lissafin kauri: idan rabin milimita kake so a ƙarshe, ka tsaya a wajen 0.55 zuwa 0.6 a injin. Ana fito da shi a tsoma a ruwa nan take, ba a bari ya bushe da asid a jiki, in ba haka ba gishirin fulorayid zai manne ya ƙi fita. Daga nan safar hannu mai tsabta kawai; zanen yatsa yana fitowa ɓaro-ɓaro bayan gashi.

Haidirofulorik da aka tsarma sau da yawa ba ya zafi nan take kamar sauran asid. Yana ratsa fata shiru, ya kama sinadarin kalsiyam na jiki, ya iya taɓa bugun zuciya. Ba a zuba shi a kwalba ko gilashi, sai robar da aka yi dominsa. Ba a aiki da shi sai a akwatin da ke zuƙe hayaƙi, da garkuwar fuska, da man kalsiyam gulukonet a buɗe a kusa, da mutum na biyu a ɗakin. Wanda ya zubar masa a jiki, ruwa mai yawa, man nan, sannan asibiti ko da bai ji komai ba.

Garin da ke fita wajen goge wannan ƙarfen yana kama wuta, musamman saboda hafniyam. A goge da ruwa, kada a bari ya taru a ƙarƙashin injin, kuma idan ya kama, busasshen yashi ko gishiri ake zubawa, ba ruwa ba.

Gwajin da zai gaya maka gaskiya ba tare da tsada ba shi ne lanƙwasa. Yanki tsiri biyu, ɗaya ta tsawon murza ɗaya ta faɗi, ka naɗe kowane a jikin sanda mai kaurin milimita 1 zuwa 2, ka duba bayan lanƙwasar da gilashi. Fallen C-103 mai tsabta ba ya tsagewa, ko da an tsoma shi a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri kafin a lanƙwasa. A injin ja kuma ka sa ran ƙarfinsa ya kai wajen 400 a ma'aunin ƙarfi na megafaskal, ya miƙe kashi 20 cikin 100 ko fiye. Idan ƙarfin ya haura haka sosai miƙewar kuma ta faɗi, oksijin ne.

Ɗalibin_Ƙarfe

Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. An yanki tsohon an auna kamar yadda Hajiya ta ce, taurin bai daidaita ba sai da aka shiga ciki sosai, ga tsagar gefe kuma ta riga ta yi nisa, don haka sabon zubi za a yi a raba shi biyu. Saura tambaya ɗaya ga Hajiya: murhun bakyum da za a iya samu iyakarsa digiri 1,200. Idan aka tsawaita zaman zuwa awa biyu ko uku, zai maye gurbin 1,300 ɗin?

Hajiya_Murhun_Bakyum

A zango na biyu da na uku, inda ragin ya wuce kashi 60, akwai kyakkyawan zaton zai sake a 1,200 cikin awa biyu; guntun gwaji ne zai tabbatar maka. Gashin farko ne abin ji, domin ragin kashi 50 a kan manyan ƙwayoyin zubi bai tara musu gajiya sosai ba. Ka ƙara ragin zangon farko ya kai kashi 60 idan gefe ya yarda, wato daga 11 zuwa wajen 4.5. Kuma ka tuna kowace awa da ka ƙara, ƙarin lokacin shan oksijin ne. Kafin ka sa ƙarfen, ka zuƙe murhun, ka rufe bawul, ka ga yadda ma'aunin ke hawa cikin minti goma don ka san ko akwai yoyo, sannan ka gasa murhun shi kaɗai sau ɗaya da fallen naɗin a ciki.